Haruna Uji: Mai Gurmin Haɗeja Da 'Yan Fim Suka Manta

 A wannan watan ba zan taɓo rigimar kowa ba, don haka masu jiran su ji wane mawaƙi ne ya yi wa wane habaici a sabuwar waƙarsa sai su yi haƙuri su tari gaba. Tambaya ce da ni, kuma 'yan industiri nake yi wa ita, tun daga manyan furodusoshi har zuwa yaron da ke riƙe wa darakta lema a lokeshin. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau mun yi finafinai dubbai. Mun yi na kishiya, mun yi na rabon gado, mun yi na aljanu, mun yi na ɗan talakan da ya so 'yar mai kuɗi har mun rasa sunan da za mu raɗa wa na gaba. To ina fim ɗin Alhaji Haruna Uji?

Na san wani yaron zai ce wane ne kuma haka. Ba laifinsa ba ne. Ni kaina ban riski mutumin a fagen wasa ba, domin yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan da rasuwarsa, lokacin wasunmu ko yaye su ba a yi ba. Amma je ka tashar mota, ko teburin mai shayi da daddare, ko ka shiga motar dattijon direba mai zuwa Gumel ko Nguru. In ka yi haƙuri za ka ji wani ɗan kiɗa siriri mai tsalle-tsalle, da murya ɗaya tilo tana tafe tare da shi ba gaggawa. Wannan shi ne Haruna Uji, mutumin Haɗeja, mai gurmi.

Gurmi dai ba wani abu ne mai tarkace ba. Ƙwarya ce 'yar madaidaiciya, a rufe bakinta da fata a ɗaure tam, a soka sanda ta ratsa ta, a ja tsirkiya biyu ko uku a kanta, sannan a sa ɗan guntun itace ya ɗaga su daga jikin fatar. Shi ke nan. Ba ya cin batir, ba ya jiran a kawo wuta. Hannun hagu na danna tsirkiya a jikin sandar, na dama na kaɗawa. A al'ada 'yan kokawa aka fi sani ana yi wa kiɗan gurmi, kamar yadda aka san garaya da mafarauta da 'yan bori, aka san kalangu da mahauta, aka san kotso da taushi da ƙofar fada. Uji ne ya tallafi wannan 'yar ƙwarya ya shiga da ita rediyo da talabijin da kaset, har ta kai in aka ce gurmi a ƙasar Hausa sunansa ne ke fara zuwa bakin mutum.

Abin da ya fi burge ni da shi, shi kaɗai yake aikinsa. Mamman Shata na da 'yan kalangu da 'yan amshi, in ya ja baiti ya ajiye sai su ɗauka, ya samu ya numfasa ya yi tunanin na gaba. Musa Ɗanƙwairo na da ayari guda a bayansa. Uji kuwa, kamar takwaransa Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, ba shi da wanda zai jingina da shi. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, gurmin kuma shi ne ɗan amshinsa. Ka kasa kunne da kyau ka ji: in ya faɗi magana ya yi shiru, tsirkiyar ce ke ba shi amsa, wani lokacin kamar tana gaskata shi, wani lokacin kamar tana yi masa dariya. Duk mawaƙin da ya taɓa tsayawa gaban taro ba tare da faifai na juyawa a bayansa ba ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da yawa daga cikin namu na yanzu, in wuta ta ɗauke a wurin gala, waƙa ta ƙare ke nan.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe mu 'yan fim. Shekara da shekaru ana jifar mu da cewa waƙar soyayya ba tamu ba ce, daga Indiya muka kwaso ta. Akwai gaskiya a ciki, kada mu yaudari kanmu. Saurayi da budurwa su shiga lambu, ya yi baiti ta yi baiti, a canza kaya sau biyar kafin waƙa ta ƙare, wannan kam daga Bombai ya zo, kuma iyayenmu ne suka fara kallonsa a silima tun kafin a haifi Kannywood. Sai dai ita kanta waƙar, wato namiji ya kama sunan mace ɗaya ya yi ta begenta har mai sauraro ya ji kamar ya san ta, mun gaje ta a gida. Wanda ke musu ya nemi "Jummai" ko "Balaraba" na Haruna Uji ya saurara. Ba fulawa a ciki, ba ruwan sama na ƙarya, amma har gobe akwai dattawan da in an sa "Jummai" za ka ga sun yi tsit, ka san an taɓo wani tsohon miki. Duk mawaƙin fim da ya taɓa sa wa waƙarsa sunan mace, ya sani ko bai sani ba, a gonar da su Uji suka share yake shuka. Da a ce lokacin da ake ta yi mana gorin Indiyanci mun iya nuna wannan asali, da mun samu bakin magana. Sai muka yi shiru, don mu kanmu ba mu waiwaya ba.

Dalilin rashin waiwayen ba ɓoyayye ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, irin su Iyan-Tama, kuma da waƙar Sangaya ta yi abin da ta yi a kasuwa kowa ya bi sahu. Ba na ganin baiken yaran fiyano. Mutum ɗaya, akwati ɗaya, a wuni guda an gama waƙa, ga furodusa tsaye a kanka yana cewa gobe za a fita lokeshin. Ga kuma tabon da kayan tsirkiya irin su goge da garaya ke ɗauke da shi a idon mutane da yawa, na bori da gidajen shaye-shaye, wanda ya shafi har waɗanda ba ruwansu. Fiyano ba shi da wannan tarihi, shi ya sa ya shige ko'ina. Yana iya kwaikwayon ganga, yana iya kwaikwayon sarewa. Gurmi ne dai ya gagare shi, kuma akwai dalili. Sandar gurmi sumul take, ba ta da gaɓoɓin ƙarfe irin na jita, saboda haka yatsa na iya zamewa ya tsaya a tsakanin sauti biyu, daidai inda muryar Bahaushe ke lanƙwasa. Maɓallan fiyano kuwa a ƙidaye suke, ko ka danna wannan ko ka danna wancan. Abin da akwati bai iya ba sai muka ce ya tsufa.

Domin mai karatu ya ga girman asarar, bari in kai shi Amurka in nuna masa yadda wasu suka yi da nasu mai tsirkiyar. A industirin da ke da mawaƙi mai suna Ali Jita ba sai na tsaya bayanin mene ne jita ba. Mutumin da nake nufi shi ne Chuck Berry, baƙar fata, wanda aka haifa a birnin Sen Luwis a 1926, ya rasu a 2017 yana da shekara 90. Yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka kafa kiɗan da ake kira rok an rol. Kafin ya yi suna ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci, ya kuma koyi gyaran gashi. A ƙarshen 1952 ya shiga ƙungiyar wani mai fiyano, Johnnie Johnson, suna wasa a gidan rawa. A 1955 ya tafi Cikago, inda babban mawaƙi Muddy Waters ya tura shi kamfanin faifai na Chess. A nan ya ɗauki wani tsohon kiɗan ƙauye na fararen fata ya sake masa riga, ya sa masa sunan mace, "Maybellene". Ka ji fa, shi ma da sunan mace ya fara. Faifan ya sayu fiye da miliyan ɗaya.

Abin da Berry ya kawo sabo shi ne ya mai da jita ta zama mai magana. Kafin shi, a irin wannan kiɗa fiyano da ƙaho ne a gaba. Shi sai ya riƙa buɗe waƙa da jita, ya yi baiti ta ba shi amsa, yana yi yana tsugunno yana tafiyar agwagwa a kan dandamali. Wanda ya saurari Uji ba zai ji wannan amsa-amsa baƙo ba. Matasan Ingila da suka zama Beatles da Rolling Stones da waƙoƙinsa suka koyi sana'a. A 1977, da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka za ta harba kumbon Voyager, ta sa faifan zinare a jikinsa mai ɗauke da sautuka da kaɗe-kaɗen duniya, kuma waƙarsa ta 1958, "Johnny B. Goode", na ciki. Kumbon na can yana tafiya har yau.

Kada wani ya ce ai dama can Turawa ba sa cutar mawaƙi. Sun cuce shi, cuta kuwa mai suna cuta. Da "Maybellene" ta fito sai ya ga sunayen wasu mutum biyu a jikin faifan a matsayin waɗanda suka tsara ta tare da shi. Ɗaya mai gabatar da shiri ne a rediyo, Alan Freed, an ba shi kason ne don ya riƙa sa waƙar. Sai a 1986 aka mayar wa Berry da haƙƙinsa shi kaɗai, bayan shekara 31. A 1963 ƙungiyar Beach Boys ta ɗauki karin wata waƙarsa ta ɗora sababbin kalmomi, sai da masu kula da haƙƙinsa suka taso kafin aka sa sunansa. Wannan ne ya sa daga baya ya zama mutum mai wuyar sha'ani: yakan je wasa shi kaɗai da jitarsa, kuma ba ya hawa dandamali sai an ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Shi ma kansa bai tsira daga zargi ba. A 2000 tsohon abokinsa mai fiyano, Johnnie Johnson, ya kai shi kotu yana cewa tare suka tsara waƙoƙi da yawa, kotu ta kori ƙarar don an bar lokaci ya ja da yawa. Masu kiɗan situdiyoyinmu da ake sallama da kuɗin cefane, waƙa ta je ta yi shekara goma tana kawo kuɗi ba sunansu a ko'ina, su riƙe wannan labari. Sannan mutumin ya shiga gidan yari har sau uku a rayuwarsa, kuma masu rubuta tarihinsa ba su ɓoye ba.

To amma duba abin da fim ya yi masa. Tun a 1956 ya fito da kansa a Rock, Rock, Rock!, ya sake fitowa a Go, Johnny, Go! a 1959. A 1985, lokacin da yayinsa ya wuce, sai ga Back to the Future, inda jarumin fim ɗin, Michael J. Fox, ya ɗauki jita ya kaɗa waƙarsa, yaran da ba a haifa ba lokacin da ta fito suka bazama nemanta. Ko da yake ni wannan fitowar na ba ni haushi, don a cikin raha an nuna kamar wurin yaro Bature Berry ya ji kiɗan ya kwaikwaya. A 1987 darakta Taylor Hackford ya fitar da Hail! Hail! Rock 'n' Roll, fim ɗin gaskiya da aka ɗauka a bikin cikarsa shekara 60, a wani babban gidan kallo na garinsu wanda ya ce an taɓa hana shi shiga yana yaro saboda launin fatarsa. A 1994 Pulp Fiction ya sa John Travolta da Uma Thurman rawa da wata waƙarsa. A 2008 Mos Def ya fito a matsayinsa a Cadillac Records. Kusan duk bayan shekara goma sai fim ya sake miƙa shi ga sababbin kunnuwa, kuma duk sanda aka sa waƙarsa sai an biya. Jan motarsa ƙirar Cadillac na ajiye a gidan tarihin baƙaƙen fata da ke Washintan, mutane na layi suna kallo.

Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ina gurmi ina jitar lantarki. Ban ce Uji ɗan rok an rol ne ba, kuma ba ya buƙatar a jingina shi da wani kafin ya yi daraja. Amma akwai zumunci, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su ne suka ƙera abin kiɗan da Amurkawa ke kira banjo, kuma na farkonsa ƙwarya ce da fata da sanda da tsirkiya. Masu binciken asalinsa na lissafa gurmi cikin danginsa na wannan nahiya. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafin da ya fitar a 1999 kan asalin kiɗan buluz, wanda shi ne uban rok an rol, ya nuna yatsa ne ga wannan yanki namu na Sudan, har ya kawo misali da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru. A 2003 kuma babban darakta Martin Scorsese ya yi fim ɗin Feel Like Going Home, aka biyo sawun buluz har Mali wurin Ali Farka Toure. Su suna haye teku suna neman tushe, mu tushen na bayan ɗakinmu.

Da na zauna na yi tunanin me ya raba makomar mutanen nan biyu, sai na ga ba basira ba ce. Takarda ce. Berry ya rayu a inda waƙa kadara ce kamar gida ko gona, ana rubuta sunan mai ita, ana gadonta, ana shari'a a kanta. Makaɗin Hausa ya rayu ne a tsarin kyauta. Ka yi wasa a yi maka liƙi, mai hali ya ba ka riga ko doki ko mota ko kujerar Makka, gobe ka tashi ka sake sabon lale. Kaset ɗin da ake bugawa a kasuwa talla ce kawai, mai bugawa ya ci ribarsa, kai kuma ka samu gayyata. Tsarin na ciyar da mutum muddin yana da rai da murya. Ranar da ya kwanta dama, kyauta ta tsaya cak, waƙar kuma ta zama ta kowa. Ga kuma kallon da al'umma ke yi wa makaɗi, a ji daɗinsa da daddare, da safe a ce maroƙi ne.

Amma fa doka ba ta ce ta kowa ce ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai waƙa haƙƙinta tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan magadan Haruna Uji na da magana a kan waƙoƙinsa har zuwa shekarun 2070. Duk wanda ya ɗauki karinsa ya ɗora a fiyano, ko ya sa muryarsa a ƙarƙashin wani sin, ko ya loda kaset ɗinsa a YouTube talla na shigowa, dukiyar marayu yake taɓawa. Mu da muka shekara ashirin muna kukan 'yan satar fasaha sun kashe mana kasuwar Ƙofar Wambai da ta Bata, bai kamata a same mu da wannan ba.

Su kansu waƙoƙin a wane hali suke? Kwanakin baya na ba wani mai tura waƙoƙi a waya memori na ce ya cika mani da Uji. Da na koma gida na tarar kusan rabi Ɗan Maraya ne, wasu kuma an yanke su a tsakiya, wata an sa mata suna uku daban-daban. Yaron bai yi da mugunta ba, shi ma haka ya samu. Babu shekara, babu inda aka ɗauka, babu wanda aka yi wa. Gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano su ne suka fi ɗaukar makaɗan wancan zamani, kuma duk abin da ya rage a ɗakunan ajiyarsu dukiya ce. Sai dai zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son laima. Sauran kuma suna cikin akwatunan dattawa a gidaje, a ƙasar da ruwa ke ci. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogi ya san mai gudun ceton 'ya'yansa da buhun shinkafarsa ba zai tsaya neman tsohon kaset ba.

A nan dole in sara wa malaman jami'a, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da suka daɗe suna tattara tarihin makaɗa da rubuta waƙoƙinsu. Abokan wasanmu Katsinawa ma, duk da ba na son yabonsu, sun fi mu a wannan: Shata ya rasu a 1999, zuwa 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da ƙaton littafin Shata Ikon Allah. Amma littafi na ɗakin karatu ne. Takarda ba ta iya nuna maka yadda yatsa ke zamewa a kan tsirkiya. Wannan aikin kyamara ne, kuma kyamara a hannunmu take.

Furodusa zai ce ba zai yi kasuwa ba. Haka ake cewa a kan duk abin da ba a gwada ba. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. Mdou Moctar, Buzu mai jita, a Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan fim ɗinmu ke amfani da ita. A 2015 aka fitar da fim a kansa da aka ɗauka a Agadas da ɗan ƙaramin jari, labarin mai jita da babur ɗinsa, cikin harshen Buzaye. Yau yana zagaya Turai da Amurka. Kamfanin da ya yi fim ɗin, Sahel Sounds, shi ne kuma ya tattara waƙoƙin finafinanmu ya fitar da su a faifai mai suna Harafin So a 2013. Can ma Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, da gurmi ya yi suna kafin ya ɗauki wani tsohon abin kiɗa na bakin tafkin Cadi ya kai shi ƙasashen waje. Masu saye suna nan, a waje da gida. Yanzu da kasuwa ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ba sai ka roƙi ɗan kasuwa ya karɓi kaset ɗinka ba.

Ga kuma lokeshin da Allah ya ba mu kyauta. Mun gaji da falo mai kujerun alfarma da gidan sama na haya. A zo Haɗeja a ga kogi da asuba, masunta na tura kwale-kwale, a ga fadamun shinkafa da alkama da tattasai, a ga kasuwar kifi, a je Baturiya lokacin sanyi a ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai. Ƙasar kanta labari ce, don ba yadda Uji ya taso ya same ta take ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, kachala ta toshe hanyoyinsa, wani wurin ya bushe wani ya nutse. Yawancin shekarun tashensa ma Haɗeja na cikin Jihar Kano ne, sai a 1991 aka yi Jigawa. Daraktan da ya san aikinsa zai ba da tarihin gari da na mutum a fim ɗaya.

Sai dai ina da sharaɗi, kada a ce ni na jawo. Kada a ɗauko jarumi mai jar fata a rataya masa gurmi yana motsa yatsu kamar mai sosa ciki, fiyano na yi a baya. Wanda zai hau wannan matsayi ya je ya zauna gaban mai gurmi na gaske wata shida, har yatsunsa su yi kanta. Kada a ƙaƙaba masa wata budurwar ƙarya a shiga lambu da ita. A fara zuwa wurin iyalinsa da sallama, a nemi izini, a rubuta kasonsu a takarda, abin da suka ce a sakaya a sakaya. In kuma fim ɗin labari ya yi tsada, a fara da na hira, wanda kyamara ɗaya da makirfo mai kyau sun isa. Waɗanda suka zauna da shi, waɗanda suka ɗauke shi a rediyo, direbobin da suka kai shi wasa, masu ɗaura wa gurmi fata, mafi yawansu sun haura saba'in. Daga Kano zuwa Haɗeja tafiyar kamar awa uku ce a mota. Furodusan da ya shirya ya nemo ni ta ofishin wannan mujalla, ni zan yi masa jagora kyauta, kifin rana ma a wuyana.

Allah ya jiƙan Alhaji Haruna Uji da sauran magabatanmu, ya kyautata namu zuwan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.